Kakar da Ba Ta Cika Rumbu

Ƙarfe bakwai na tashi daga aikin dare,
warin asibiti bai saki rigata ba.
Kyamara a aljihu, ta gwanjo, fam talatin,
murfinta ɗaure da roba.

A Sheffield ma suna da kaka,
sai dai tasu ba ta cika rumbu.
Ba dami, ba sussuka, ba ƙaiƙayi.
Itatuwa ne kawai ke tuɓe kaya
a bakin titi, ba kunyar kowa.

Wannan ta yi ja kamar manja a kasko,
waccan ruwan ɗorawa,
ta ƙofar coci kuwa ta kasa yanke shawara:
rabi kore, rabi ruwan goro,
kamar ni, shekara tara a garin nan.

Na durƙusa a gefen kwata
saboda ganye ɗaya da ya manne wa takalmin yaro.
Kafin in danna, bas ta iso, uwarsa ta ja shi.
Abin da na samu: ƙafa guda da tururin numfashi.
Ban goge ba.

Wilf mai shara ya jingina da tsintsiyarsa.
Shekara ashirin da shida yana yaƙi da Oktoba,
bai taɓa yin galaba ba.
Ya ce, "Ke kina ɗauka, ni ina kwashewa,
wa ya fi wani hankali?"
Na ce ya tsaya a haka.
Ya cire hula, ya shafa sanƙo kamar mai gyara suma.

Na tura wa Ladidi guda uku.
Ta amso da murya, injin markaɗe na kuka a bayanta:
"Wace cuta ta kama itatuwanku?
Ko gobara aka yi?"
Na ce lafiyarsu lau, haka suke ban kwana.
Ta ce, "To, Allah ya sa mu ma
mu tafi da irin wannan kwalliya."
Sai ta shiga zancen kuɗin makarantar Tanimu.

Yayyafi ya soma. Tagar mai burodi ta yi gumi.
Wata tsohuwa da karenta suna raba biskit
a ƙarƙashin laima ɗaya.
Batir ya nuna ja, shi ma ya shiga kaka.

Nan da mako biyu sai rassa tsirara
da duhun ƙarfe huɗu.
Idona na yaji, gado na kira.
Amma rana ta leƙo ta bayan tudu
ta kunna bishiyar ƙofar gidanmu,
wadda nake wucewa kullum ban gaishe ta ba.

Na ajiye jaka a kan matakala.