Maraƙin da Aka Sayar Sau Bakwai

Ni ke riƙe da littafin kuɗi
shekara ashirin da uku ke nan,
a ƙungiyar manoman gundumarmu,
nan inda Nebraska ta shimfiɗe kamar faifai,
iska ta rasa abin da za ta jingina da shi.

Daren gwanjo ne, Nuwamba ta tsufa,
sanyi na lasar gilashin taga.
Mun jera kujerun ƙarfe a zauren taro,
kofi na tafasa a tukunyar da ta girmi jikokina.
Delbert Hruska ya jawo maraƙi ja,
mai farin goshi, mai idon tambaya.

Dala ɗari takwas. Orval ya saya,
ya taɓa hula ya ce, "A mayar da shi, a sake."
Aka sake.
Matar marigayi Pokorny ta ɗaga yatsa,
ita da ƙanƙara ta daka wa waken suya a Yuli,
ta biya, ta ce a sake.
Mai gyaran tarakta, malamar lissafi,
'yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji kan iyakar gona,
kowa ya saya, kowa ya saki.
Sau shida maraƙi ya sauya ubangida
bai ɗaga kai daga ciyawarsa ba.

Sai Lumir Zajicek ya miƙe,
mutumin da dariyarsa sai bayan girbi.
"Kuɗin mota kuke tara musu," in ji shi.
"Wa ya dawo?
Makarantar garin nan an sa mata kwaɗo,
yara na shiga bas tun taurari ba su kwanta ba.
Mu ke ban ruwa,
inuwar na faɗawa gonar wasu."

Zaure ya yi tsit.
Ban musa ba, littafi na hannuna:
goma sha tara muka tura karatu,
huɗu suka komo.

Amma littafin bai da layin da zan rubuta
bara, da injin ya karya maka ƙugu, Lumir,
masararka na tsaye, dusar ƙanƙara na hanya,
injinan girbi tara suka shiga gonarka da asuba,
gayya ba ganga, ba maroƙi.
Na gaban, Renata ce ke tuƙi,
ta baro jami'a da tsakar dare,
takardun jarrabawa a kan cinyarta.
Bai da layin Wendell, da bai dawo ba,
amma kowace bazara mu aika masa ƙasa a leda
ya auna, ya ce ga abin da take jin yunwa,
bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Ban faɗa ba. Na gyara tabarau.

Ta bana tana zaune a bayan zaure,
Yesenia Arredondo,
ubanta na kiwon shanun da ba nasa ba,
ba su da ko taku ɗaya na ƙasa.
Ruwan ƙarƙashin ƙasa take son karanta,
don rijiyarsu ta fara tari da yashi.
Uwarta ta kawo ƙullin masara a ganye, kwano biyu,
ta tsaya bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

Mai gwanjo ya ɗaga sanda zai rufe.
Lumir ya dogara da sandarsa, ya yi gyaran murya.
"Dubu da ɗari biyu.
Kuma ban janye maganata ba."

Na rubuta.
Biro ya ƙi, na hura masa, ya yarda.

A waje Delbert na tura maraƙi cikin mota,
zai koma garken da ya baro da yamma.
Shi kaɗai ne a garin nan
bai san ya tura yarinya makaranta ba.