Awon Ilhamu

Ni tela ne. A bakin kasuwar Mai Wurno
kekena ke kuka tun hantsi.
Abu ɗaya sana'a ta koya mini:
awon yaro ba ya kwana.
Ka auna shi da azumi, ka ɗinka da layya,
sai wuyan hannu ya leƙo yana maka dariya.

Shekarar Ilhamu uku
ranar da muka hau motar asuba zuwa Madani.
Batula ta goya ta, ƙafafu biyu na reto
kamar igiyar guga,
ni da ledar takardu da ƙunshin kisra.

Malama Nawal mai gashin ƙashi
ita kaɗai ce a ɗakin,
sai katifar roba da wata ƙatuwar ƙwallo shuɗiya.
Ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙe, ta sake.
Ta ce jijiya ce ta ɗaure, ba iska ba.
Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Sannan ta buɗe littafi, ba ta dube mu ba:
mu ne na ɗari biyu da goma sha bakwai.

Wani dattijo ya durƙusa da tsumman awo
don takalmin ƙarfe.
Na kalli yatsunsa, gwani ya san gwani.
Na ce, baba, ƙara yatsa biyu.
Ya ce, haba, wata uku ne kawai.

An shuka auduga a Jazira.
Kogi ya cika har gindin mangwaro, ya janye.
An cire audugar.
Sau huɗu muka je:
ran nan babu wuta,
ran nan roba ba ta iso daga Hartum ba,
ran nan abokin aikinta ya samu biza ya haye teku,
na huɗun ban ma tambaya ba.
Akuyar Batula ta tafi a kuɗin mota.
Matar Sinja da muke raba inuwa da ita,
mai yaron da ba ya riƙe wuya,
tun na biyun ba mu sake ganinta ba,
kuma ban ji daɗin da lambarmu ta matso ba.

A gida Batula na yin abin da idonta ya haddace,
bayan sallar asuba, da man riɗi a tafi,
tana ƙirga goma, Ilhamu na kuka,
tana ƙirga goma, ita ma tana kuka.
Muzammilu ya kafa mata gora biyu a tsakar gida.
Taku ɗaya da rabi. Mun yanka zakara.

Wata goma sha huɗu, waya ta yi ƙara.

Fari ne, da maɗauri uku, yana ƙanshin sabo.
Yatsu suka shiga.
Diddige ya tsaya a bakin ƙofa.
Dattijo ya tura, ya juya, ya sassauta,
Ilhamu na ƙyalƙyala dariya, ta zaci wasa ne.
Yatsa biyu. Ban faɗa ba.
Shi ma bai ɗago kai ba
da ya ce, sai a sake awo.

Na ce da Malama Nawal, duba littafinki,
akwai wadda ƙafarta yau
take daidai da tamu ta bara.
A kira ta kafin Juma'a, kada ita ma ta wuce shi.

Yanzu mu ne na tamanin da shida.
Duk Juma'a ina aza ƙafarta a kwali
in zagaye da allin ɗinki,
ita tana cewa, Baba, cakulkuli.
Kwalayen sun kai tsawon taƙi a ƙarƙashin keke.

Jiya Alhaji Bala ya zo da faɗa,
jallabiyarsa ta yi mako ban taɓa ba.
Na ba shi shayi, na ba shi haƙuri.
Kayan yara nake fara ɗinkawa yanzu.
Manya su jira,
ai sun gama girma.