Kuskure Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida na yi a gaban allo
a wannan kwaleji ta Española,
alli a hannu, ƙurarsa a gashin baki,
ina zuba aljabara kamar mai ɗiban ruwa da kwando.
Cikin arba'in, ashirin ke ganin ƙarshen zango.
Sauran na ce ba su da kai.
Haka na ce, da bakin nan nawa.

Bara aka kwance allon,
aka jera kwamfuta talatin, aka ce an daina lacca.
Kowa da saurin ƙafarsa:
manhaja ta miƙo tambaya, in ka faɗi ta ɗaga ka,
ni kuwa in yi ta zagaye da gahawa a hannu
ina jiran wanda zai kife jan kofi a kan na'urarsa,
alamar ya maƙale.
Kiɗa ya canza, na sani,
amma gwiwa ta tsufa da koyon rawa.

Ƙarfe goma, bas mai ruwan ɗorawa
ke sauke 'yan sakandare a bakin ƙofa,
'yan shekara sha shida, jaka ta fi su nauyi.
Darasi ɗaya, lada biyu:
maki a takardar sakandare, maki a ta kwaleji,
uba bai ciro ko dala ɗaya ba.

Cikinsu akwai Araceli Tafoya.
Ba ta taɓa kife jan kofi ba.
Da rana lissafi a hannunta wuƙa ce a kabewa.
Sai dai manhaja ba ta barci,
ba ta kuma iya rufa asiri.
Ta rubuto mini: sashen bita,
sulusi a tara da rubu'i,
an faɗi sau goma sha ɗaya,
kullum ƙarfe biyu na dare,
kullum amsa ɗaya, biyu bisa bakwai.

Na ja kujera kusa da ita.
Ta daɗe tana kallon igiyar takalminta.
"Ba ni ba ce," ta ce. "Babana ne.
In ya taso daga aikin dare a Los Alamos
yakan ce in bar masa na'urar a buɗe.
Wai ita ba ta huci in mutum ya kuskure,
ba ta kallon agogo."

Na ce, sunansa?
Ta ce, Eusebio.

Da dare na sauko da kwalin tsofaffin rajista,
na kaɗe gizo-gizo, na bi da yatsa.
Ga shi nan. Layin baya, jikin taga.
Sati uku ya zo,
sai dogon layi da jan birona ya ja.
Na tuna hannun da ya ɗaga,
na tuna na ce wannan ai karatun firamare ne,
aji ya kwashe da dariya,
hannun ya sauka a hankali.
Shekara ashirin da biyu bai sake tashi ba
sai a ɗakin girki, gaban abin da ba shi da fuska.

Da safe rahoto ya shigo.
Gwaji na goma sha biyu, uku saura kwata:
bakwai bisa goma sha biyu.

Dokar kwaleji ta ce in kai ƙara,
wani ya shiga da sunan wani.
Takardar tana kan teburina,
gindin kofin gahawa ya yi mata zobe.

Da bas ta zo ɗaukar su
na ba Araceli jan kofi ɗaya
da lambar wayata a gindinsa.
Na ce, ki ajiye masa kusa da na'urar.
Ki gaya masa ni ma
ba na barci da wuri.