Littafin Baƙi

Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bakin ƙofar nan,
a Menlo Park, inda ake rabon jari a ɗakin gilashi.
Uwata ta share ofisoshin layin nan da dare,
ni na samu kujera da rana.
Aikina murmushi, da buga suna a ɗan kati,
in ce: zauna, za a kira ka.

Ba a tambayata ra'ayi.
Amma mai zama bakin rijiya ya san guga nawa suka sauka,
nawa suka hau da ruwa.

Samarin kan shigo kamar rana ɗaya aka haife su:
riga mai hula, gashin da bai san mataji ba,
makaranta ɗaya ta yaye su,
uban wannan ya yi ɗaki ɗaya da kawun wancan.
Kafin in miƙa alƙalami an fito an rungume su.
Wani ba shi da komai sai zane a takardar goge baki,
ya fita yana fito.

Ita ranar Talata ta zo, ana yayyafi.
Denitra Calloway, daga Oakland.
Jirgin ƙasa, sannan bas, sauran ta tako da ƙafa.
Ta taga na gan ta tana canza takalmi
a gindin tukunyar fure,
ta cusa jiƙaƙƙun a jaka.

Manhajarta tana haɗa masu wankin ƙoda da direbobi,
don uwarta ta taɓa kwana huɗu da guba a jini
saboda motar da ba ta zo ba.
Asibiti bakwai suna biyanta.
Jarin farko daga shagon askin kawunta ya fito,
dala-dala, da ƙamshin man gashi.

A bayanta akwai Tanner, wata shida da ɗaukarsa aiki,
rungume da kwamfutarta.
Maigida ya fito hannu a miƙe,
ya wuce ta kamar ginshiƙi:
"Kai ne mai kamfanin?"
Yaron ya yi ja har kunne.
Ita ta yi dariya, irin wadda na sani,
wadda ake haɗiyewa da ƙayarta.

Minti ashirin da biyu. Na kai musu kofi, na jiyo:
"Wa ya turo ki?"
"Anya mutanen nan suna da yawa?"
"Ki dawo in kin ƙara girma."
Kamar a ce wa shuka: yi 'ya'ya tukuna,
sai mu duba maganar ruwa.

Da ta fito ba ta tafi ba.
Wayarta ta yi ƙara: wani tsoho a Fruitvale,
direbansa taya ta fashe.
Nan ta zauna a bencinmu, jaka a cinya,
ta kira, ta kira, ta samu wani,
ta ce wa tsohon: "Baba, kada ka cire hularka, ga shi nan tafe."
Sannan ta ɓare katin daga ƙirji ta miƙo mini,
ta tambayi lokacin bas.

Da yamma na ji maigida a waya, muryarsa cike da tausayi:
"Wallahi muna nema. Irinsu ne ba sa zuwa."

Na ja aljihun tebur na ƙasa.
Xiomara. Efraín. Nizhoni. Tavita, da ya zo sau uku.
Lashay, da ta bar mini alewa.
Kati arba'in da ɗaya, gam ɗinsu ya bushe.
Na ɗora na Denitra a sama, na rufe.

Gobe ƙarfe tara akwai samari uku.
Na riga na buga katunansu,
ko da yake ba sa liƙawa.