Jijiyar Mai

Shekara ashirin da bakwai
hannuna na cikin cikin mota,
nan Tawa, bakin hanyar Abalak,
ƙarƙashin bedi guda ɗai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba inji ba ne,
ba giya ba, ba birki ba.
Wani ɗan tiyo ne mai kaurin yatsa,
tsawo kamu biyu bai kai,
shi ka kai wa turbo mai.

Turbo kuwa maye ne.
Shina juyi ya fi mazarin kakata sau dubbai.
Ka hana mai abin sha ƙiftawar ido,
ya juyo ya ci kainai.

Arzika ya zo ran Laraba
da kamiyon albasar Tamaske,
tiyon asali ya fara gumi a wuya.
Shekara sha ɗaya shina aiki,
baƙi, mummuna, bai taɓa kai ƙara ba,
yau tsufa ya cim mai.

Nac ce: na kamfani jikka arba'in.
Yay yi dariya har da riƙe ciki.
Yac ce: Usta Illa, albasa ba zinariya ba ce.
Yab buga waya Katako,
kwana biyu saƙo ya iso daga Yamai.

Jikka shida.
Kai, ka ga kyau!
Saƙar waya fara fat kamar kitson sallah,
kai biyu masu ruwan shuɗi,
rubutu a leda wanda ba mai karanta mai.
Nomau yarona yad ɗaga shi sama,
yac ce wannan ko ango ya sa shi a wuya.
Ni na leƙa ramin.
Ƙofar ta yi man kama da ta allurai.

Na gani. Ban ce komi ba.
Rana ta yi, kuɗin hannu na jira,
nis sa kile, niɗ ɗaure,
nib bar shi kwance kusa da bututun hayaƙi
don tsawonai bai kai inda na da ka bi ba.
Nac ce: Allah kiyaye hanya.
Yac ce: amin. Shi ke nan dai.

Kwana talatin da takwas.
Ba fashewa yay yi ba,
da ya fashe da an ga mai a ƙasa an tsaya.
Ciki yad dahu sannu-sannu,
mai ya koma gawayi, gawayi ya toshe hanya,
waje kuwa yana ta walƙiya
kamar mutumin da ciwo ka ci
shina gaisawa da mutane sarai.

A hawan bayan Badagishiri
turbo yay yi kukan ɗan akuya, sau ɗai.
Sai farin hayaƙi.
Buhu ɗari uku a rana kwana huɗu,
warin ya kai har ƙauye,
masu amalanke na kwasar ta ƙasa, ta bisa ta jakai.

Arzika bai zage ni ba.
Da ya zaga da na ji sauƙi.
Yaz zamna bisa tsohuwar taya,
yac ce: arha dai ba ta ado,
ni na saye, laifina ne.
Nis sa kai ƙasa ina goge kilen da ba ta da dauɗa.
Rabin laifin na cikin aljihuna,
ban fiddo ba, har yat tashi yab bi gabanai.

Da dare nit tsaga tiyon da zarto.
Robar ciki ta murmushe kamar ƙuli-ƙuli.
Na rataye shi ga ƙusa, bisa ƙofar garaji.
In wani ya zo da irinai cikin leda
sai in nuna mai da haɓa.
Wasu su ji. Da yawa su ce
jikka shida ce gare su, Usta, ɗaura dai.

Jiya ma na ɗaura wani.
Amma na naɗe shi, na kauda shi daga wuta,
kuma na faɗi, da ƙarfi, gaban Nomau.
Abin da ya rage ba nawa ba ne,
na hanya ne, da zafi, da mai.