Tokar Layi

Ni ne Labbo, mai shata fili da toka
a bayan firamare, nan Talata Mafara.
Shekara goma sha ɗaya ina jan igiya,
ina bin ta da gwangwani mai huji a gindi,
fari na sauka a jar ƙasa, miƙe kamar zare.

Ran Asabar na shata layi tun da hantsi.
Ran Lahadi na dawo tsintar abin da aka bari:
silifa ɗaya, ta ƙafar hagu,
usur ɗin Malam Sahabi a lanƙwashe cikin yashi,
duwatsu daidai cikin tafi,
da wani gurbi a bakin raga
inda tokata ta sha jini ta yi baƙi.

A teburin mai shayi cewa suke fanareti ce ta jawo.
Ni da nake share filin nan na san ba ita ba ce.
Wutar da ta ci rumbu ta daɗe tana ci a ƙarƙashin dusa.

Tun Alhamis Nomau ya jinginar da babur ɗinsa
a kan Tudun Wada za ta zura biyu.
Wanda tuwon gidansa ke rataye a ƙafar wani,
da wane ido zai kalli wasa?
A gindin dogon yaro na tsinci bawon ƙwaya,
na ƙirga har ashirin, na gaji na bari.
Mai kofi ya zo da hotonsa a ƙirjin riguna,
ya ce da yara, in kun faɗi kada in ga ƙeyarku.
Shi kuwa Sahabi, gefe guda ya biya masa kuɗin mota,
ko ya hura gaskiya, wa zai ji ta gaskiya?

Akwai kuma wadda ba a faɗi.
Bara iyayensu sun yi sa-in-sa kan ruwan Bakalori,
wa zai fara ba shinkafarsa, wa zai jira.
Manya suka sha hannu a masallaci,
yara suka ɗauko ragowar suka kawo mini fili.

Nafi'u ne a raga, ɗan shekara sha shida.
Dutsen da ya same shi daga bayansa ya fito,
daga hannun masu kiran sunansa.
Alƙali aka nufa.
Yanzu yana Gusau, an naɗe masa rabin duniya da bandeji,
uwarsa ta sayar da tunkiya da ɗanta.

Na je wurin mai unguwa, na cire takalmi, na ce:
Ranka ya daɗe, ni ba mai ilimi ba ne, mai toka ne.
A ɗauko alƙali daga Bakura ko Maradun,
kuɗin motarsa ya fito daga aljihu biyu.
A ja igiya taku goma tsakanin ɗan kallo da layi.
Mai caca ya kai cacarsa inda ba ya jin usur.
Unguwar da ta ɗaga dutse ta bar kofi, ko ita ke gaba.
Kafin a take leda, a zuba masu shinkafa a faranti guda,
hannun da ya haɗu da naka a miya
yakan yi nauyi wajen duka.
Sannan ku dattawa, ku zo da tabarmarku ku zauna.
Ban taɓa ganin yaro ya sunkuya neman dutse
yana jin tarin ubansa a bayansa ba.

Ya yi shiru, ya ce za a duba.

Yau Juma'a, ina tankaɗe toka a rariya.
Ƙanen Nafi'u ya zo, bai ce komai ba,
ya kama bakin igiya ya tafi da shi can ƙarshe,
ya juyo yana tambaya ta da ido
ko ta miƙe.
Na ce, ƙara ja kaɗan.