Ɗan Aiken Kwalba

Iskar Punta Arenas ba ta san sallama ba,
ta tura ƙofar asibitin dabbobi kafin in taɓa ta.
Na shigo da Tizón a hannu kamar jiƙaƙƙen buhun ulu,
shi da ya saba riga ni isa ko'ina.

Kwana tara ke nan yana amai.
Ya ƙi nama, ya ƙi romo,
ƙafafun baya na rawa kamar na ɗan ragon da aka haifa yau.
Ranar Talata na yi fito sau uku,
tumaki ɗari huɗu suka waiwayo,
shi kuwa ya ɗaga kunne ɗaya, ya mayar.

Likita Noemí Cárcamo ta ce, "Don Eladio, zauna."
Ta zana ƙoda a bayan takardar biyan kuɗi,
ta ɗora mata ɗigo a ka, bai kai ƙwayar wake ba.
"Biyu ne," in ji ta, "dama da hagu.
Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko musu kira,
su saki abin da ke riƙe jiki ranar wuya,
ranar sanyi, ranar gudu, ranar tsoro.
Zan aika musu kiran da mutum ya haɗa da hannunsa,
mu ji ko akwai kowa a gidan."

Sai ga 'yar kwalba, ba ta kai babban yatsana ba.
Ɗan aike ne da bai taɓa ganin kare ba,
a masana'anta aka haife shi, can bayan teku,
aka koya masa kalma ɗaya tak: tashi.

Ta aske gashin ƙafa, ta ɗebi jini,
ta tura ɗan aiken cikin jijiya,
ta dubi agogon bango. "Awa ɗaya."

Awa ɗaya ba komai ba ce a bayan garke.
A kan kujerar roba kuwa, damina ce guda.
Kusa da ni wata dattijuwa, Doña Herminia,
kyanwarta a kwando, ita ma agogon take kallo.
Ta miƙo mini ƙoƙon shayin ganye mai ɗaci,
na kurɓa, na mayar mata, ba mu ce uffan ba.
Mai jira ya san ɗan'uwansa.

Na tuna Baltasar, ɗana, can arewa a ramin tagulla,
wayarsa kan yi ƙara sau bakwai ta yanke.
Ban san me ya kawo shi raina ba.
Ƙarya nake, na sani.

Sha ɗaya da kwata, jini na biyu.
Washegari ta shimfiɗa mini takarda:
lambar farko a ƙasa, ta biyu ko motsi.
Ɗan aike ya buga ƙofa har hannunsa ya gaji,
gidan duhu, murhu a mace.

Na cire hula. Ta ce, "Mayar da abarka,
ba ta'aziyya nake maka ba.
Ciwon da ya faɗi sunansa ya rage mana tafiya.
Allura duk wata, ƙwaya kowace safiya.
Abin da gidan ya daina dafawa
mu riƙa kai masa daga waje."

Kyanwar Herminia kuwa, nata gidan ya amsa,
lafiya lau, sai dai ramar tana nan,
har yau ana neman ƙofar da za a buga.
Na gan ta a bakin titi da kwandon, na rasa me zan ce.

Yanzu ina ɓoye ƙwayar cikin kitsen rago,
yana haɗiyewa yana harara ta, ya gane dabarar.
Mako na uku na yi fito sau ɗaya,
kafin in sauke yatsu ya kai shingen.

Da dare na sake danna lambar arewa.
Ɗaya, biyu, uku.
Tizón na kwance a kan takalmina.
Ina ƙirgawa.